Na'urar Suhaib da Zinaren Turkawa

Miflih, ɗana, don Allah ka ajiye duk abin da ke hannunka ka saurare ni yanzu-yanzu. In tuƙi kake yi, tsaya a gefen hanya. Kada ka ce sai an tashi aiki.

Assalamu alaikum. Ka ga har sallama na manta, sai da Rudaina ta tuna mini. Ina gaishe ka, ina gaida Ummu Suhaib da yaran, da fatan kuna lafiya. Ya zafin Tabuka? Ya bayan naka, har yanzu yana riƙe ka? Ni lafiyata ƙalau, ƙafar ce dai kamar kullum. Ba ciwo ya kawo ni asibiti ba. Na zo wurin Rudaina ne, 'yar marigayi Salman, wadda ke auna mana hawan jini, ita ke rubuta mini, za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka. Ta ce in yi maganar a wayarta kawai ka ji muryata. Na gwada, ina buɗe baki sai kuka. Kuma ka san kunnena, in na kama waya ihu nake yi, duk masu jiran allura sai sun ji.

An kama Suhaib.

Jiya da hantsi ne. Ya ce mini, "Kaka, ɗora shayi, batir kawai zan sayo a shagon Ayid." Na ɗora. Shayin ya tafasa, ya ƙafe, butar ta yi baƙi, ba Suhaib. Sai ga Ayid da kansa yana haki, ya ce 'yan sanda sun tafi da shi daga bakin shago, tare da wani mai malafa daga ma'aikatar kayan tarihi. Wai an yi tono a kufan da ke saman marmaro, an fasa dutsen nan mai zane da ke bakin tsohon kabarin Rumawa. Da suka tambaya wa ya yi, mutanen gari suka ce a tambayi mai na'ura. Sun wuce da shi birnin Ma'an, har da tsohuwar wayarsa mai tsagaggen gilashi.

Na san za ka ce wace na'ura. To ga abin da ban gaya maka ba.

Ka tuna bara da ka aiko kuɗi ya sayi sabuwar waya, tunda tasa ta faɗi a kwari? Bai sayi waya ba. Da ka tambaye ni, na ce maka ya sayi abin da ya fi waya, ka yi dariya, na bar ka a haka. Ban yi ƙarya ba, amma Allah ya sani ban faɗi gaskiya ba.

Yaron nan yana da wani wasa. Tun da ya gama karatun awon ƙasa aiki ya ƙi samuwa, shi ne abin da ke fitar da shi daga ɗaki. Mutane ne daga ko'ina, har Turawa masu zuwa kallon duwatsu, wani ya ɓoye ɗan gwangwani a ƙarƙashin dutse ko kogon itace, ya sa lambar wurin a intanet, wani ya bi lambar ya nemo. Ba komai a ciki sai tarkace. In ka ɗauki abu ka ajiye wani, ka mayar da gwangwanin yadda ka same shi. Shi ke nan wasan.

Da waya yake yi da farko, kullum ya dawo yana ƙorafi. Da saƙonka ya zo, sai ya zauna gabana ina tsince adas, ƙananan waken nan na miya, ya ce, "Kaka, ke za ki raba gardamar nan. Waya ko ji-fi-es?" Na ce mene ne kuma jifi-jifi? Ya ce, "Waya a cikin kwari makauniya ce. Rana ta buge ta ta yi zafi ta mutu. Gilashin ba ka ganin komai. Sabis babu. Caji kafin azahar ya ƙare. Wannan kuwa batirin rediyonki take ci, in ya ƙare ka zuba wani daga aljihu. Ta faɗi a kan dutse ta tashi ta karkaɗe jikinta. Da tauraron ɗan'adam take magana, ba ruwanta da kamfanin waya."

Na ce, "Tana ƙara?" Ya ce a'a. "Ana kira a cikinta?" A'a. "'Yan mata na shigowa ta ciki?" Ya yi dariya har ya ture mini faranti. Na ce, "To ita za ka saya."

Ya nuna mini hoton guda biyu, baƙa mai sulɓi wadda ake shafawa kamar waya, da rawaya mai maɓallai. Na ce rawayar, in ta faɗi cikin ciyawa a gan ta. Ya ce, "Kin ga hankali! Kuma maɓalli ko da safar hannu ana dannawa ranar ƙanƙara. Da kin yi makaranta, Kaka, da an shiga uku."

Miflih, ba don kwari na zaɓa masa ita ba. Don kaina ne. Wayar nan ta ƙwace mini shi, muna cin abinci idonsa na kanta, ina magana yana cewa uhm. Na ce gara abin da ba ya kira. Da na ce ya bi maganar ubansa, da yanzu yana nan yana latse-latsensa, ina ta mita, ba wanda ya san da shi.

Ka zo. Ka roƙi ubangidanka ya ba ka izinin fita, ka gaya masa ɗanka ne. Ka nemi lauya tun daga can. Uwarsa kuwa ka lallaba ta, kada ka faɗa mata tana tsaye.

Rudaina ta ce masu jira sun taru. Allah ya tsare mini kai.

Mahaifiyarka, Fidda.

*

Zuwa ga ɗana Abu Suhaib, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Allah ya sanyaya zuciyar Ummu Suhaib, an ce tun da ta ji ba ta ci abinci ba. Ka ce mata ta ci, ba a yi wa ɗa addu'a da yunwa.

An karanta mini amsarka. Na ji faɗan da ka yi, na karɓa, ka isa. Na ji kuma ka samu lauya, kuma izinin naka ya kusa fitowa. Alhamdu lillahi.

Wannan karon Ayid mai shago ke rubutawa, Rudaina ta tafi biki Karak. Ina zaune a kan buhun sukari, mutane na shiga suna fita, saboda haka in ka ga maganar ta yi gajere-gajere ka yi haƙuri.

Ka tambaya me ya sa gari ya nuna Suhaib. To tun wajen girbin tuffa abin ya fara. Ka san mutanenmu da maganar zinaren da Turkawa suka binne da za su gudu. Tun ina yarinya ake ta, kakanka ma ya taɓa tone gindin wani ɓaure a kan mafarki, ya samo muƙamuƙin jaki. To sai magana ta fita wai na'urar Suhaib tana gani har ƙarƙashin ƙasa. Shi ke nan. Yaro ya fita da sandarsa da gorar ruwansa, sai ka ga mutum ya tuna yana da akuya a wannan tudun. Wanda bai taɓa kiwo ba ma sai ya fito neman akuya. Duk inda Suhaib ya tsaya ya dubi na'urar, kashegari rami ne. Har inda ya tsuguna ya ɗaure takalmi an tone. Shebur da diga suka ƙare ƙaf a shagon nan.

Ayid ya ce kada a sa wannan. Na ce rubuta, ai ba zagi ba ne, ciniki ne. Ya ce in gaya maka shi sayarwa kawai yake yi, bai san me ake yi da su ba. Na ce ya rubuta wannan ma.

Suhaib da fari dariya yake yi. Ya tsaya a nan bakin shago ya ce musu, "Baffanni, wallahi gwangwanin madara nake nema, ku zo in nuna muku." Wani ya ce, "Gwangwani ko? Mu ma irin gwangwanin muke so." Wani ya ce, "Ɗan Miflih, ka ci kai kaɗai ka mutu kai kaɗai." Daga baya ya daina dariya, don sun tone masa wuraren wasan, sun watsar da gwangwanayen, abokan wasansa na Amman suna rubuto masa suna tambaya. Yana ta cewa a wasan nan ma tono haramun ne, ko cokali ba a sa wa ƙasa. Wa ke ji?

Na je na gan shi. Ayid ya kai ni a motarsa, Allah ya saka masa. Sun aske masa kai, Miflih. Ya rame a wuya. Na kai masa gurasa da zaitun da cuku, ya ce, "Kaka, kin zo da shayin da na ce ki ɗora?" Yana so in yi dariya, na yi masa.

Babbansu mai taurari a kafaɗa bai yi mana wulaƙanci ba, ya sa aka ba ni kujera. Amma magana ɗaya yake ta juyawa. Ya ce, "Hajja, na bincika, wasan nan akwai shi. Ɗana ma ya sauke shi a wayarsa don in gani. To in waya tana yi, me ya sa jikanki ya bar waya ya sayi na'ura ta musamman? Saurayi ba aikin yi, a ba shi zaɓi tsakanin sabuwar waya da wannan, ya ɗauki wannan?" Suhaib ya fara zancen rana da sabis da batir. Mutumin ya ce, "Duk wanda muka kama da shebur yana da bayani mai daɗi." Na ce ni na zaɓa masa. Ya yi murmushi ya ce, "Kowace kaka haka take cewa."

Sai Suhaib ya ce a ɗauko na'urar kawai. Wai tana riƙe sawunsa, duk inda ya taka tana zana shi kamar zare, da ranar da lokacin. Ya ce tun da ya saye ta bai taɓa hawa kufan nan ba, za su gani da idonsu. Ya ce tana kan kanta a ɗakinsa, bayan rediyo.

Sun zo gidan kashegari. Sun duba kantar, sun ɗaga katifa, sun leƙa tanderu, har akurkin kaji. Ba su same ta ba.

Ka tambaya ina take. Ba su same ta ba, abin da zan iya cewa ke nan.

Ka kuma tambaya wa ya fara fitar da maganar zinaren, ka ce in ka san shi sai an zauna zaman dattawa a kansa. Ayid ya ce shi a wurin matarsa ya ji, ita kuma a wurin mata. Ya tsaya yana kallona wai ko na san wace ce. Ya rubuta abin da na ce masa: zafi ake yi a shagon nan, zan tafi gida.

Ka yi sauri. Ka gaida yaran.

Mahaifiyarka, Fidda.

*

Ɗana Miflih, assalamu alaikum. Sannu da hanya, an ce ka iso Ma'an ka sauka a gidan abokinka, gobe da safe za su bar ka ka gan shi. Ya gajiya? Ya bayan, da wannan doguwar tafiya? Ka shafa man zaitun mai ɗumi kafin ka kwanta. Ka kira Ummu Suhaib ka ce ina gaishe ta.

Rudaina ta dawo. Na kira ta gida, na sa ta kulle ƙofa, na sa ta rantse za ta rubuta yadda na faɗa, ba gyara, ba sassautawa. Ka karanta kai kaɗai. Kada ka karanta a gaban lauya tukuna.

Ni ce, Miflih. Ni na fitar da maganar.

Ranar da aka ƙara wa Talal girma a wurin aiki, uwarsa Sabha ta tara mu naɗe shinkafa a ganyen inabi don walima. Ka san Sabha, katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare, ita ta karɓi haihuwarka, kuma ba ta taɓa bari na sha ruwa ya wuce ba ta ce nata ya fi sanyi ba. Muna zaune zagaye da tire, mata cike da ɗaki, sai ta ce, "Ummu Miflih, ina ango? Har yanzu yana wasan ɓuya da duwatsu?" Aka yi dariya. Na ci gaba da naɗi. Wata ta ce, "An ce gwangwani yake tsinta. Ku gaya masa akwai su da yawa a bayan gidanmu, ya zo ya kwashe." Sabha ta ce, "A'a, ku bar shi, ai karatun ke nan. Wani ya yi karatu ya samu ofis, wani ya yi karatu ya samu gwangwani. Kowa da rabonsa. Ko ba haka ba, Hajja?"

Yaron da ke yanke mini farce. Yaron da ya bar Amman ya zo ya zauna da tsohuwa don ku samu kwanciyar hankali a can. Na ajiye ganyen, na goge hannuna a hankali, na ce, "Ku yi ta dariya. Kun ga ya bar sabuwar waya ya sayi wancan abin don gwangwani? Abin da Turkawa suka bari, ba a ganinsa da waya."

Ɗakin ya yi tsit. Wallahi na ji daɗin shirun nan, ba zan ɓoye maka ba. Sabha ta buɗe baki ta kasa rufewa. Na ƙara da cewa, "Amma ban ce komai ba fa." Ka san a wurin mata wannan shi ne a kai kasuwa. Ranar ni aka fara zuba wa gahawa, ni aka ba kafaɗar rago.

Kuma kada ka ce tsohuwa ce, ba ta san abin ba. Na sani sarai. Da bazara ya taɓa tafiya da ni, ya ce likita ya ce in riƙa takawa. Ya sa mini na'urar a hannu, ya ce, "Bi kibiyar nan, Kaka, yau ke ce jagora." Na bi, tana juyawa ina juyawa, yana bayana yana cewa, "Hagu, Hajja, hagun Musulmi!" Har gindin wani tsohon zaitun. Da hannuna na zaro gwangwanin daga kogon. Maɓallin riga ne a ciki, da ɗan raƙumin roba, da makullin da ba ya buɗe komai. Na ɗauki raƙumin na ajiye tsakiya ɗaya daga carbina da ya tsinke. Muka zauna a inuwa muka ci gurasa, na yi dariyar da rabona da ita tun rasuwar babanka. Da idona na ga babu zinare. Da bakina na ce akwai.

Da ramuka suka fara, na so in gyara. Na tafi wurin Sabha na ce mata, "Maganar nan ta ranar walima, wasa nake yi, haushi kika ba ni." Ta dube ni ta kashe ido ɗaya ta ce, "Haka ne, 'yar'uwa. Ni ma da ni ce haka zan ce." Na rantse mata. Ta ce, "Kada ki yi rantsuwa ki ɗauki zunubi a kaina, na gane." Kowa na gaya wa, sai ya ƙara yarda akwai. Ƙaryar sau ɗaya na faɗe ta aka karɓa, gaskiyar na yi ta yawo da ita gida-gida ba mai saye. Suhaib kuwa ya dawo da yamma ransa a ɓace, ya ce, "Kaka, wane maƙiyi ne ya yi mini wannan? Me na tare masa?" Ni kuma in tura masa faranti in ce ci abinci, mutane ne ba su da tsoron Allah.

Saura ɗayar. Rudaina ta ajiye alƙalami tana kallona, na ce ɗauki, ba mu gama ba.

Na'urar tana gidan nan. Ranar da Ayid ya zo da labarin kamun, yana fita na shiga ɗakin yaron na ɗauke ta. A raina na ce, ita suke nema, in ba su gan ta ba ba su da hujja, su sake shi. Haka muka taso muna gani, in hukuma ta zo neman abu a gidan mutum, mata su ɓoye, maza su ce babu. Na cusa ta can ƙasan buhun jamid, cikin curin busasshen nonon da na ajiye don dafa mansaf, shinkafa da naman sallah. Sai kuma na tuna ya ce da tauraro take magana. Na ce kada ta gaya wa tauraron inda take, shi kuma ya gaya musu. Na zaro ta na ɓalle bayanta na cire batiran, na jefa su a rijiya.

Da na ji abin da ya faɗa a gaban mai taurarin, cewa ita ce za ta wanke shi, sai na gane na yi kuskure. Na ce da na koma gida zan mayar da ita bayan rediyo. Na dawo, na tsaya a kan buhun, na kasa. Na ce in na cire batir ai na kashe ta, duk sawun da ta riƙe ya zube, in suka kunna suka ga wayam za su ce shi ya sa aka goge. Ina cikin wannan har kashegari suka iso. Ɗan sandan, yaro ne sa'an Suhaib, ya ce, "Hajja, jikanki ya ce tana kan kanta." Na ce ban taɓa ganin wani abu mai kama da haka a gidan nan ba. Har ya dafa buhun da hannunsa ya ce jamid ɗinki na ƙamshi. Na ce ya ɗebi biyu ya kai wa uwarsa.

Ka gane abin da na yi? Yaro ya ce ga shaidata a wuri kaza, aka zo, kakarsa ta ce babu. Na mayar da shi maƙaryaci a gaban hukuma. Shi ya sa suka ƙi ba da belinsa, ba don komai ba.

Jiya Sabha ta shigo da kwanon miya, ta zauna kusa da ni ta rage murya. Ta ce, "Na san kin ɓoye ta, kin yi dabara. Ki ba Talal ya adana miki kafin ƙura ta lafa, ba wanda zai binciki gidan ma'aikaci." Tafin hannunta a kan gwiwata, tana tausaya mini da gaske, kuma idonta na yawo a ɗakin. Ban ga wanda ya fasa dutsen kabarin ba, ba zan ɗora wa ɗan kowa ba. Amma in na yi magana za a tambaye ni su wa ke ɗakin ranar, kuma zan faɗa. Bayan nan ban san ko akwai gidan da zai sake buɗe mini ƙofa a garin nan ba. A bar shi. Ni na jawo.

Rudaina ta fito da ita daga buhun, duk ta yi fari da gari, tana warin nono. Ta ce a ganinta cire batir ba ya goge komai, kamar mutum ne ya yi barci, amma ba ta da tabbas, ba aikinta ba ne. Ta so ta sa batirin tocila mu gwada. Na ce a'a. Ranar kamun hannuna ya taɓa abin nan sau biyu, sau biyun ɓarna ce. Ba mai kunna ta sai mai ita, a gabansu.

Gobe zan shigo motar farko, Rudaina za ta rako ni, na'urar na ƙulle a gefen mayafina. Zan tsaya gaban mai taurarin in faɗi duka, da ta gidan Sabha da ta buhun. In ya ce a rufe ni, a rufe ni, dama ni ya kamata. Ina jin tsoro, Miflih. Ban saba magana a gaban hukuma ba. In ka ga na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga, ka kama hannuna ka ja ni, kada ka ji tausayina.

Abu ɗaya nake roƙonka, don nonon da ka sha. Za ka riga ni shiga wurinsa. Kada ka fara da lauya. Kada ka gaya wa uwarsa, kada ka gaya wa baffanninka, su ji daga baya, su faɗi abin da za su faɗa. Yaron nan yana can yana lissafa maƙiyansa ɗaya bayan ɗaya, bai sa ni a ciki ba. Ba na so ya ji daga bakin ɗan sanda, a gaban mutane, ina tsaye. Ka zaunar da shi, ka karanta masa wannan tun daga sallama, kada ka tsallake ko layi ɗaya. In ya ce ba ya son ganina, ka fito ka gaya mini, zan ba da na'urar in faɗi maganata in koma, ba zan yi kuka a wurin ba.

Allah ya yi maka albarka. Mahaifiyarka, Fidda.

Suhaib za a fara gaya wa. Ka ji ko? Suhaib.